Mai Gyaran Rediyo Ma Yana da Rayuwa Bayan Ya Rufe Shago

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu bayin Allah waɗanda ni ma ina cikinsu, wato masu harkar kayan lantarki: masu gyaran rediyo da talabijin, masu gyaran wayar hannu, masu haɗa amsa-kuwwa, da yaran nan masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke kwance tsohuwar cocila su fitar da wani abu dabam daga cikinta. Duk lokacin da jaridunmu da gidajen rediyonmu suka waiwayi irin waɗannan mutane, tambayoyin da ake yi musu ba sa canzawa: me ka ƙera, nawa ka kashe, wane taimako kake nema daga gwamnati. Sai a ɗauki hoton mutum ya sunkuya a kan tebur riƙe da ƙarfen narka dalma, a buga, shi ke nan. Ba a tambayarsa abin da yake yi idan ya rufe shago, ko yana da gona, ko yana zuwa karatu a zaure, ko yana buga ƙwallo, ko yaushe rabonsa da cin abincin dare tare da 'ya'yansa.

Wani zai ce wannan ba abin damuwa ba ne, tun da sana'ar ce ta sa aka nemi mutumin. Ni kuwa ina ganin akwai illa, domin irin wannan hoto ya zauna a zukatan iyaye da iyayen gida, har suna ɗauka cewa gwani shi ne wanda ba ya ɗaga kai daga aiki tun hantsi har bayan Isha'i, kuma duk abin da yaro ya so ban da sana'arsa shiririta ce. Tarihin mutanen da suka kafa wannan fanni bai goyi bayan wannan tunani ba ko kaɗan.

A ɗauki Claude Shannon, Ba'amurken da aka haifa a 1916 a jihar Mishigan. Tun yana yaro ya yi amfani da wayar shinge mai ƙaya ya haɗa tangarahu tsakanin gidansu da gidan abokinsa mai nisan kusan rabin mil. A 1937, yana da shekara 21, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a jami'ar MIT, inda ya nuna cewa makunnan lantarki, waɗanda ba su san komai ba sai kunnawa da kashewa, za a iya jera su su warware lissafin “gaskiya ne ko ƙarya ne”, kuma a kan wannan tushe aka gina kowace kwamfuta da kowace wayar hannu da ke aljihunmu a yau. A 1948, lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs, ya fitar da takardar da ta kafa ilimin auna bayanai da aika su, wadda ta yaɗa ma'aunin nan da ake kira bit. Duk wanda ya taɓa sayen data ya ci moriyar aikin wannan mutum, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

To, wannan mutumin da ake yi wa kallon ɗaya daga cikin manyan masu tunani na ƙarni na 20, abokan aikinsa sun fi tunawa da shi yana hawan keke mai taya ɗaya a cikin barandar ofis, yana cilla ƙwallaye sama yana cafewa. Yana busa wani abin kiɗa mai kama da algaita, yana son wasan dara irin na Turawa, kuma gidansa cike yake da kekuna da kayan wasa da ya ƙera da hannunsa. Matarsa Betty, wadda ita ma masaniyar lissafi ce a cibiyar da yake aiki, tana taya shi a yawancin waɗannan ƙere-ƙere, don haka wasan bai raba shi da iyalinsa ba, sai ma ya haɗa su a kan tebur ɗaya. Abin lura shi ne yadda wasan ya riƙa komawa cikin aikin. Son da yake yi wa dara ne ya sa a 1950 ya rubuta takarda a kan yadda za a koya wa kwamfuta buga wasan. A wannan shekarar kuma ya ƙera ɗan ɓeran katako da ƙarfe wanda maganaɗisu ke ja daga ƙarƙashin wani akwati mai lunguna. Ɓeran yana laluben hanya yana karo da bango har ya kai inda ake so, kuma idan aka mayar da shi farko sai ya bi hanyar kai tsaye, domin makunnan da ke ƙasa sun riƙe abin da ya koya. Masana suna lissafa wannan ɓera cikin na'urorin farko da suka nuna cewa inji yana iya koyo. Hatta cillar ƙwallayen bai bar ta haka ba, sai da ya fitar mata da ƙa'idar lissafi. Da Shannon yaron shago ne a wajen wasu iyayen gida da na sani, da an ƙwace keken tun ranar farko.

Labarin Norio Ohga na Japan ya fi kusa da abin da nake son faɗi. Shi ba injiniya ba ne tun asali. Ɗalibi ne mai koyon waƙa a jami'ar fasaha da kiɗa ta Tokiyo. Wani ƙaramin kamfani ya fara yin rakoda mai tef a 1950, Ohga ya gwada ta, ya ji tana ɓata murya, sautin yana rawa, sai ya aika wa kamfanin kokensa ba tare da sassauci ba, domin mawaƙi yana buƙatar ya ji muryarsa yadda take kafin ya iya gyara ta. Masu kamfanin, Masaru Ibuka da Akio Morita, maimakon su ji haushi, sai suka jawo shi ya zama mai ba su shawara. Ya tafi Jamus ya ƙaro karatun waƙa, ya dawo, ya shiga kamfanin sosai a 1959, lokacin an riga an sauya masa suna zuwa Sony, kuma a 1982 ya zama shugabansa. A shekarar ce faifan CD, wanda Sony ya haɗa hannu da kamfanin Philips na ƙasar Holan wajen ƙirƙirarsa, ya shigo kasuwa, mai faɗin santimita 12, yana ɗaukar minti 74, kuma Ohga yana cikin waɗanda suka dage a kan cewa dole faifan ya ɗauki dogon kiɗa daga farko har ƙarshe ba tare da an katse ba. Bai taɓa barin kiɗa ba: yana shugabancin babban kamfani, yana jagorantar ƙungiyar makaɗa a dandali, yana kuma tuƙa jirgin sama. Da ya yi ritaya, kuɗin sallamarsa ya bayar aka gina zauren kiɗa a garin Karuizawa. Ya rasu a 2011. Injiniyoyin kamfanin suna da mitocin auna sauti iri-iri, amma kunnen mawaƙi ne ya nuna musu inda aikinsu ya gaza.

Haka nan William Hewlett da David Packard, waɗanda suka kafa kamfanin HP a cikin garejin wani gida a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a 1939, ban da kamfanin sun haɗa jari a wajen kiwon shanu, suna fita daji tare farauta da kamun kifi. Duk Bahaushen da ya yi tarayyar dabba da wani ya san irin amanar da ke tsirowa daga nan.

Ba sai an je Amurka ko Japan ba kafin a ga wannan. A layin da na yi shekaru ina aiki akwai wani dattijo mai gyaran amsa-kuwwa wanda ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, ya kuma bi malamai ya karanci tajwidi. Idan aka kawo masa na'urar masallaci, ba ya tsayawa ga abin da mita ta nuna. Yakan jona lasifika, ya riƙe makirufo, ya karanta 'yan ayoyi a hankali, ya karkata kai yana saurare, sa'an nan ya ce na'urar tana haɗiye wasu haruffa, ba a bambanta Sadi da Sini, ko kuma ƙarar ƙasa ta danne ta sama. Sai ya buɗe, ya canza ƙaramin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya sake karantawa har sai harafin ya fito tas. Kwamitocin masallatai daga unguwanni masu nisa sukan tsallake shaguna da yawa su zo wajensa, kuma abin da ke kawo su ba a teburin gyara ya koye shi ba, a gaban malaminsa ya koya bayan Magariba. Akwai kuma wani matashi mai gyaran waya da ke kiwon tattabaru a saman soron gidansu. Da La'asar sakaliya yakan rufe rumfarsa ya hau sama ya sake su, ya bi su da ido har su zama ɗigo a sararin sama. Mutumin da ya wuni yana leƙen fanel ɗin waya ta gilashin ƙara girma, yana bin layukan da suka fi gashi siranta, idonsa yana buƙatar kallon nesa, bayansa yana buƙatar miƙewa, huhunsa kuma yana buƙatar iskar da ba hayaƙin dalma a cikinta.

Wannan batu na lafiya ba ƙarami ba ne. Dalmar da muka saba liƙi da ita tana ɗauke da guba mai taruwa a jiki sannu a hankali, hayaƙin man liƙi yana damun ƙirji, kuma da yawa daga cikin yaranmu a kan teburin aikin suke cin abinci ba tare da wanke hannu da sabulu ba, saboda ba a ba su lokacin tashi. Yaron da ke da wasan ƙwallo da yamma ko lambun da zai je ban ruwa, dole ya tashi, ya wanke jiki, ya motsa. Wanda aka hana shi komai, a nan zai zauna har dare, kuma hutun da zai samu shi ne ya ɗauki wayarsa ya ci gaba da sunkuyawa.

Na san uzurin da iyayen gida za su kawo, kuma uzuri ne mai nauyi. Shannon yana karɓar albashi daga babbar cibiya ko ya ƙera wani abu a watan ko bai ƙera ba, mu kuwa abin da aka samu yau shi ake ci yau. Wuta ba ta da lokaci, idan aka kawo ta da ƙarfe biyar na yamma ba wanda zai bar ta ya tafi filin ƙwallo, kuma man janareta ya yi tsadar da ba a kunna shi sai dole. Ga kuɗin haya, ga mai waya tsaye a kanka yana cewa tafiya zai yi. Akwai kuma tsoro na gaskiya cewa yaron da aka saki da wuri zai faɗa majalisar banza ko shaye-shaye. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma maganin wannan tsoro shi ne ubangida ya san inda yaronsa yake zuwa, ya san malaminsa na dare, ya san kocin ƙungiyarsu, ya tambaye shi yadda wasan jiya ya ƙare. Tsare yaro a shago har ƙarfe goma na dare ba tarbiyya ba ce, jinkirta matsalar ce kawai zuwa ranar da za a yaye shi, ya fita da sana'a a hannu amma bai iya zama da mutane ba, bai san kowa ba sai masu kawo gyara. Na ga magidanta a cikinmu, gwanaye na ƙwarai, waɗanda 'ya'yansu ke barci kafin su dawo, suna kuma fita makaranta kafin su tashi, har yaro ya girma bai taɓa zama ya yi hira da mahaifinsa ba. Uwargida ita ke ɗauke da tarbiyya ita kaɗai, shi kuma yana ganin tun da ya kawo cefane ya sauke nauyi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana iyayen gida a kasuwannin waya da layukan masu gyara na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da sauran garuruwanmu, su ware wa yaransu aƙalla yammacin Juma'a da wani yammaci guda a mako, a sanya shi cikin sharaɗin koyon aiki tun ranar da uba ya kawo ɗansa, kamar yadda ake yanke maganar kuɗin abinci da shekarun da zai yi. Ƙungiyoyinmu na kasuwa, waɗanda ke iya tara kuɗin mai gadi da na shara, suna iya shirya gasar ƙwallo tsakanin layuka ko musabaƙar karatu a watan azumi. Iyaye kuma, idan suka ga ɗansu mai son kwance rediyo yana kuma son zane ko rubuta waƙa ko kiwon zomo, kada su tilasta masa ya zaɓi ɗaya, domin ba su san wanne ne zai ciyar da ɗayan gaba ba.

Kai kuma Edita, roƙona gare ka shi ne, idan wakilinka ya sake zuwa wajen wani matashi da ya haɗa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ko ya ƙera tashar rediyo a ɗakinsa, ya ƙara zama na rabin sa'a bayan ya gama tambayar na'urar. Ya tambaye shi wane karatu yake yi, wa ya fara ba shi sukundireba, me yake yi ranar da ba wuta, yaya mahaifiyarsa ta ɗauki lamarin lokacin da ya lalata rediyon gida. Idan hali ya yi, a buɗe mana ɗan fili ko sau ɗaya a wata, a riƙa bin masu sana'ar lantarki har gida da gona da filin wasa, tsofaffinmu da suka fara tun zamanin rediyo mai bawul da kuma 'yan mata da suka fara shigowa gyaran waya a 'yan shekarun nan. Ni da abokan aikina a shirye muke mu yi wa wakilinka jagora zuwa wajen waɗanda suka yarda a yi hira da su.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai gyaran rediyo da talabijin,
Kano.