Takardar Koke Kan Masaukin Baƙi da Ake Ginawa a Bakin Fadamarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagacinmu,
Ƙaramar Hukumar Igabi, Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Ranka ya daɗe, mu ne manoma da makiyaya na ƙauyen nan da ke gefen hanyar Kaduna zuwa Zariya. Mun taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar Juma'a, muka amince mu kawo kukanmu gabanka tun wuri bai ƙure ba.

Bara wani bawan Allah daga cikin gari ya sayi gonar gado da ke bakin fadamarmu. Gona magada suka sayar masa, a kan gona shaidu suka sa hannu. Ruwa na ɗaukewa sai ga tifa tana juye yashi. Yanzu an ja katanga, ɗakuna sun kai linta, magina kuma sun ce masauki ne na masu son hutu: baƙo ya kwana, a ba shi karin kumallo, ya sha iskar ƙauye, ya koma birni.

Ba ma baƙin ciki da arzikin kowa. Samarinmu sun samu leburanci a wurin, masu tallar nono da ƙwan zabi ma har sun fara lissafin ciniki.

Abin da ya hana mu barci shi ne katangar ta cinye burtali. Ta nan shanu ke gangarawa mashaya tun zamanin kakanni, ta nan mata ke bi zuwa rafi. Da aka toshe, garke ya koma ratsa gefen gonaki. Yanzu da sauƙi tunda rani ne, an kwashe amfani. To idan masara da dawa suka tsaya fa? Kai ka fi mu sanin yadda kara ɗaya da saniya ta karya kan zama fitinar da sai an kwana ana sulhu. Mu da 'yan'uwanmu Fulani mun daɗe muna zaune lafiya, shi ya sa arɗonmu ma ya dangwala a wannan takarda.

Sai batun ramin masai. An haƙa shi a gangare, daf da rijiyoyin da muke sha, muke kuma ban ruwan tumatir da albasa da su a noman rani. Mun je har sau biyu mu yi magana da mai wurin, maigadi kawai muke tararwa.

Ranka ya daɗe, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna domin amfanin jama'a. Ban da wannan, ba a mai da gona wurin kasuwanci sai da amincewar hukuma. Hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye a jihar nan, hukumar tsara birane ta KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Idan mai masaukin yana da takardunsa, ya nuna a gabanka mu ma mu gani.

Muna roƙo ka kira shi tare da magada da shaidun ciniki, a umarce shi ya dakatar da aiki har a gama bincike. Ka kuma rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da waɗannan hukumomi su turo jami'an safiyo su auna iyaka a gaban dattawan da suka san inda burtali ya bi. A matsar da katangar, a ɗauke masai daga kan ruwanmu. In an yi haka kafin ruwan shuka ya sauka, ya ci gaba da gininsa, ba mu da ja.

Allah ya taimake ka.

Mu ne talakawanka,
Manoma, makiyaya da matan ƙauyen, waɗanda sa hannunsu da dangwalensu ke haɗe da wannan takarda.