Ban gama biyan bashinsa ba, ya sake ciyo wani

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya haƙuri da mu? Daga Kano nake, don Allah a sakaya sunana.

Shekaranjiya yayana ya kira ni rai a ɓace, wai an turo masa saƙo har da hoton maigidana, an ce ya ci bashi ya ƙi biya. Ashe irin rancen nan na cikin waya ya karɓa, wanda in ka makara suke bin lambobin mutanenka suna tona maka asiri. Tun lokacin ko loma ba ta wuce min. Saura ƙiris fa in gama da na farkon!

Asalin abin, a farkon 2023 ya tashi da maganar karɓar adaidaita sahu, a riƙa biya kaɗan-kaɗan, ya ba wani yaro yana kawo balas. Na ce ya dakata, ya ce me mace ta sani a harkar kuɗi. Amma da aka zo kafin alƙalami, sarƙata ta gwal aka kai Kasuwar Rimi. Sarƙar nan Hajiyarmu ce ta sayo a Makka, ba ta sa ta sai ranar biki. Da ta rasu aka yi rabon gado, ƙannena suka zaɓi kuɗi, ni na ce a lissafa min ita a kasona, har muka samu saɓani da ƙanwata a kai. Da bakinsa ya ce aro ne, kafin babbar Sallah zai mayar min.

Ana shiga ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Yaro ya fara zuwa da uzuri, inji ya buga, maigidan ya ranto kuɗin gyara da kuɗin ruwa a kai, ƙarshe masu babur suka ɗauke abinsu. Wa ya zauna da masu sallama a ƙofar gida? Ni. Shi sai ya ce a ce ba ya nan.

Zoɓo da kunun aya nake yi, yara suna kai min bakin makaranta, ina zubin adashe, duk kwasar da na yi bashi take tafiya. Na cire yara daga makarantar kuɗi. Ni ba mai son abin duniya ba ce Anti, kowa ya shaide ni a unguwa, kuma ban taɓa kai ƙararsa gidanmu ba. Shi ya sa yayana ya ji abin daga sama. Amma mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya ce min sannu ba, balle yi haƙuri. In na ɗauko zancen sarƙa sai ya ce ina yi masa gori. Mahaifiyarsa kuwa cewa take ƙaddara ce, bayan ita ta zuga shi tun farko. Yanzu ko sallamarsa na ji sai raina ya ɓaci, in sa masa abinci in shige ɗaki, kuma ina tsoron Allah a kan hakan.

Na tambaye shi me ya yi da sabon kuɗin, ya ce ba huruminki ba ne.

Ƙarshen watan nan ni ce da kwasa, kuma ya sani, har ya fara sakin fuska. Malamai suna cewa dukiyar mace tata ce, ci da sha kuma a wuyan miji suke. To in na kai kuɗin wajen yayata na ce masa an ɗaga kwasar, na yi laifi? Sarƙar nan kuma, tunda babu shaida sai ni da shi, tana nan a matsayin bashi a kansa ko ta tafi ke nan? Yayana ya ce in zo gida ranar Juma'a a zauna, ban ma gaya wa maigidan ba. In je ne, Anti?