Godiya ga ofishin CDSS da ya koya mini tsara rawar kwantra

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Country Dance and Song Society (CDSS), ƙungiyar raye-raye da waƙoƙin gargajiya, Easthampton, jihar Massachusetts, Amurka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na riga na aiko muku da godiya da Turanci, amma hankalina bai kwanta ba, domin da bakin aro ban faɗi rabin abin da ke raina ba. Shi ya sa na sake rubutawa da Hausa, a bainar jama'a, don 'yan uwana na gida da na nan su san waɗanda suka yi mini alheri. Yaba kyauta tukwici.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya. Wata abokiyar aikina ce ta fara kai ni zauren Scout House da ke garin Concord, lokacin da kaɗaici da sanyin hunturu suka taru suka yi mini yawa. A nan na fara ganin rawar kwantra, tsohuwar rawar mutanen New England wadda tushenta ke komawa ga raye-rayen karkarar Ingila da Faransa. Mutane sukan jeru layi biyu dogaye suna fuskantar juna, ana kaɗa gogen Turawa da piyano, ga mai kiran rawa a kan dandamali yana faɗin motsin da za a yi kafin lokacinsa ya zo. Ya tuna mini da mai ba da waƙa a dandalin gaɗa, sai dai a nan ƙafafu ne ke amshi. Abin da ya ba ni damar shiga shi ne a wurare da yawa yanzu an daina kiran matsayin masu rawa da namiji da mace. Sunayen tsuntsaye biyu ake kira, larks ga mai tsayuwa a hagu, robins ga mai tsayuwa a dama, don haka mace ta zaɓi 'yar uwarta mace su shiga layi ba abin kallo ba ne.

Bayan shekara biyu sai na ji ina son tsara tawa rawar. Na rubuto muku ina tsoron kada a ce wace ce wannan. Amsar da ta zo mai ladabi ce, kuma an yi mini bayani dalla-dalla: yadda ake neman tallafin kuɗin sansanin koyon rawa, da makon da ya dace da mai koyon kiran rawa. Ba don wannan tallafi ba, da ban taka Pinewoods ba.

Wanda bai ga Pinewoods ba, sansani ne a cikin daji a Plymouth, tsakanin tafkuna biyu, Long Pond da Round Pond, da rumfunan rawa na katako marasa bango. A da, ɗaya daga cikin rumfunan tana ɗauke da sunan Cecil Sharp, Baturen Ingila da ƙungiyarku ta samo asali daga aikinsa a 1915. A can aka zaunar da mu aka buɗe mana cikin sana'ar. Kowace rawa bugun kiɗa 64 ce, an raba ta kashi huɗu, A1, A2, B1 da B2, kowane kashi bugu 16. Zagaye ɗaya bai fi rabin minti da 'yan daƙiƙu ba, kuma idan ya ƙare dole kowane mutum biyu su tsinci kansu gaban sababbin maƙwabta, wasu sun gangara ƙasan layi, wasu sun hau sama. Idan wannan matsawar ba ta faru ba, to ba a tsara komai ba.

Na zo da katin da na rubuta rawata a kai ina ganin ya cika, tunda lissafin ya tashi 64 cif. Malamarmu ba ta ce yana da kyau ko ba shi da kyau ba. Ta tara mutum takwas ta ce su taka shi ba kiɗa, ni kuma in tsaya gefe in zuba ido. Nan na ga abin da takarda ta ɓoye mini. Na jera juyi da maƙwabci, da zagayen mutum huɗu, da juyi da abokin rawa, duk suna bin hanyar hannun agogo, har wata dattijuwa ta dafe goshi saboda jiri. Sannan na sa motsi biyu a jere da hannun dama, mutum bai gama sakin hannu ba ana sake neman hannun nan. Malamar ta tambaye ni abu ɗaya kawai: a ƙarshen wannan motsi, wane hannu ne a sake, kuma ina jiki yake son zuwa? Wannan tambaya ita ce abu mafi tsada da na ɗauko daga sansanin. Muka cire zagayen, muka sa dogayen layuka su matsa gaba su koma baya, bugu 8, don a samu numfashi, muka mayar da motsi na biyu hannun hagu. Da aka sake takawa, sai na ga kafaɗun mutane sun sauka.

Haka aka yi mana wajen koyarwa. Mai kira kan bi da mutane rawar sau ɗaya ko biyu kafin kiɗa, kuma an hore mu mu rage surutu: ka faɗi da wa za a yi, da wane hannu, sannan sunan motsin. Ka yi kira kafin jimlar kiɗa ta fara, kada ka bari sai ta fara. Idan zaure ya kama, ka riƙa janye muryarka har ka yi shiru ka bar makaɗa da jama'a. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni wuya, kuma shi na fi ganin hikimarsa.

Ina kuma yaba muku da ba ku raba sabo da tushensa ba. An ba mu labarin Ralph Page na New Hampshire, wanda ya riƙe rawar lokacin da ta kusa ɓacewa, da Ted Sannella, mai harhaɗa magunguna wanda ya tsara raye-raye masu yawa da suka sa kowa ke motsi maimakon wasu su tsaya jira. An nuna mana tsayuwar Becket, inda abokan rawa ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya, wadda Herbie Gaudreau ya fito da ita, ta ɗauki sunan wani sansani a nan Massachusetts. A ganina mai tsara sabuwar rawa da bai san waɗannan ba zai sha wahala yana ƙirƙiro abin da aka daɗe da ƙirƙirowa.

A watan jiya na kira rawata a wani ƙaramin zaure, gaban mutane kusan arba'in, cikinsu har da waɗanda ranar suka fara shiga. A zagaye na biyar na yi shiru, layukan suka ci gaba da kansu har makaɗa suka rufe.

Allah ya saka muku da alheri, ku da malaman da kuka ɗauko mana, da masu ba da gudummawar da ta biya mini kuɗin sansani ba tare da sun san ni ba. Na fara ajiye 'yar tawa gudummawar ta baɗi, kuma akwai kati na biyu da nake son kawowa a taka mini.

Taku mai godiya,
wata 'yar Zariya mazauniyar Massachusetts.