Ba Kowane Gashi Ba Ne Gashin Tsuntsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina bin filinku na koyon Turanci kowane mako, Allah ya ƙara basira. Sai dai a makon jiya kun fassara kalmar "plumose" da "mai gashi", kuma a nan nake da ɗan gyara.

Laifin ba naku kaɗai ba ne. Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita: na kan mutum gashi, na akuya gashi, na kaza ma gashi. Ita kuwa "plumose" daga Latin ta fito, daga "pluma", wato gashin tsuntsu mai laushi. Abin da take nufi siffa ce: kara ɗaya a tsakiya, ƙananan silalla sun fito ta gefensa. Wanda ya taɓa ganin figinin gashin jimina da ake yi wa sarki fifita da shi ranar hawan sallah, to ya ga ma'anarta da idonsa.

Da nake koyar da ilmin halittu, sauro nake kamo wa ɗalibai. A kansa akwai zare biyu da yake jin abubuwa da su. Na namiji cike suke da gashi buzu-buzu kamar ɗan ƙaramin figini, da su yake jin ƙugin fikafikan mace. Na macen kuma gashin kaɗan ne, tsilli-tsilli. Masana suna kiran na namijin "plumose", na macen "pilose". To idan muka ce duka biyun "mai gashi", yaya yaro zai rarrabe? Alhali bambancin ba ƙarami ba ne: namiji ruwan fure kawai yake sha, macen ce ke shan jini, ita ke kawo mana zazzaɓi.

Manomi ma ya san abin, suna ne kawai bai sani ba. Idan gero ya fitar da kai, fararen zarurrukan nan da ke fara leƙowa su ma haka suke, don su cafke ƙurar fure da iska ke ɗaukowa. Kai, har sunan da masana tsirrai suka daɗe suna kiran gero da shi, Pennisetum, haɗin kalmomi biyu ne: gashin tsuntsu da kuma gashi mai tauri.

Kalmar "plumose" tana da 'yar uwa, "pinnate", amma ita a ganye aka fi amfani da ita, irin na dabino ko tsamiya.

Shawarata a ce "mai siffar gashin tsuntsu". Ya fi tsawo, na yarda, amma ɗalibi mai shirin jarrabawa ba zai zana kan akuya ba idan an ce ya zana kan sauro. Ina roƙo ku buga gyaran a fitowa ta gaba.

Wassalam.

Tsohon malamin kimiyya,
daga Zariya