Wasiƙar Makaranta Zuwa Ga Iyaye: Yaranmu Da Zafin Bazara

Ya ku iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum. Hukumar makaranta da ɗaukacin malamai suna gaishe ku tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, muna kuma yi muku sannu da zafi. Hunturu ya tattara ya tafi, rigunan sanyin da kuke jibga wa yara a watan Janairu sun koma ƙasan akwati, yanzu mun shiga tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Kaduna kan haura digiri 35 da rana a watannin Maris da Afrilu, kuma ɗaki mai rufin kwano ba ya hucewa sai dare ya raba. Wannan wasiƙa ta fi shafar iyayen 'yan ajin rainon yara da na firamare ɗaya zuwa uku, amma sauran ma za su sami abin ɗauka a ciki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani a makon jiya. Na leƙa ajin 'yan shekara huɗu wajen ƙarfe goma na safe, sai na tarar da wata yarinya ta kifa kai a kan littafinta tana barci, fensir na hannunta bai ko faɗi ba, gumi ya jiƙa takardar har harafin da ta rubuta ya narke. Malamarta ta ce wannan ne karo na uku a makon, alhali yarinya ce da a da ba a raba ta da ɗaga hannu. Da mahaifiyarta ta zo ɗaukarta muka tambaya, sai ta ce kwana huɗu ke nan ba a kawo wuta a layinsu ba, su biyar suke kwana a ɗaki guda, ita kanta da mafici take raba dare tana yi wa jaririnta fifita. Yarinyar ba ta da wani ciwo, kuma ba lalaci ya kama ta ba. Daren gidansu ne ya biyo ta aji.

Tun daga ranar na roƙi malamai su riƙa lura, kuma abin da suka kawo mini kusan iri ɗaya ne daga kowane aji: gyangyaɗi ya yawaita, kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba ya yawaita, faɗa a kan wurin zama kusa da taga ya yawaita, kulolin abinci kuma suna komawa gida da rabin abin da aka zubo. Na san haka kuke gani a gida, har wani uba ya ce mini ɗansa ya zama fitinanne ba gaira ba dalili. Hausawa dai sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yaro ƙarami bai iya cewa ƙishi yake ji ko barci bai ishe shi ba, sai dai ya nuna da rigima, saboda haka muna roƙon iyaye, kafin a kai hannu ga bulala, a fara tambayar kai ko yaron ya sha ruwa, ko ya yi barci, ko kayan da ke jikinsa sun dace da wannan yanayi. A ganina, yawancin abin da muke kira rashin ji a wannan lokaci, zafi ne ke magana da bakin yaro.

Maganar barci ita ce kan gaba. Ɗan shekara uku zuwa biyar yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, ɗan firamare kuma awa 9 zuwa 12, wanda ba ƙaramin aiki ba ne samunsa a daren Afrilu. Wanka da ruwan randa kafin kwanciya yana taimakawa ƙwarai, haka ma buɗe tagogi tun la'asar domin ɗaki ya saki zafin da ya tara. Gidajen da ke da tsakar gida, babu laifi a shimfiɗa tabarma a waje kamar yadda iyayenmu suka yi mana, sai dai a ɗaura gidan sauro ko da ana ganin sauron ya ragu, a kuma haska wurin da tocila kafin a kwantar da yara, domin kunama ma zafin ke fito da ita daga raminta. Da safe a kakkaɓe takalmin makaranta kafin yaro ya zura ƙafa. Masu janareta kuwa, don Allah kada tsoron ɓarawo ya sa a kunna shi a cikin ɗaki, ko a baranda rufaffiya, ko a gindin tagar da yara ke kwana, saboda gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma ba a ganinta, tana kashe mutane suna cikin barci.

Sai ruwa. Kowane yaro ya zo da gorarsa a cike, a rubuta sunansa a jiki, malamai kuma za su riƙa tsayar da darasi lokaci zuwa lokaci domin kowa ya sha, ba sai yaro ya nema ba. A gida, hanya mafi sauƙi ta gane ko ruwa ya ishi yaro ita ce duba fitsarinsa: idan ya yi duhu kuma ya ragu, jikin yana neman ƙari. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi duk suna da kyau idan a gida aka haɗa su da ruwa mai tsabta, amma kunun aya ba ya jure zafi, wanda aka ɗura da asuba yakan juya kafin azahar. Game da jarirai, kakanni su yi mini afuwa, na san da kyakkyawar niyya ake cewa a ɗan ɗiga wa jinjiri ruwa saboda zafi, amma jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi. Abin yi shi ne uwa ta yawaita shan ruwa, ta kuma yawaita ba shi mama. Idan gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ko na ƙunshi da ake samu a kemis, ko a haɗa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan idanunsa suka faɗa, ko ya ƙi sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, to, asibiti za a nufa ba tare da jiran gari ya waye ba.

Akwai wani haɗari da ƙarancin ruwa ke kawowa wanda ba a cika maganarsa ba. A wannan lokaci rijiyoyi kan ja baya, famfo ya yi shiru, kowane gida ya cika bokitai da robobi da duro da ruwan 'yan ga-ruwa. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya leƙa bokiti ya kifa a ciki ba ya iya fitar da kansa, kuma ba ya ihu balle a ji. A rufe duk abin da aka tara ruwa a ciki, a sa wa rijiya murfi mai nauyi. Iyayen da ke zaune a unguwannin bakin Kogin Kaduna, irin su Kabala da Unguwar Rimi da Barnawa, su ja kunnen manyan yara kan zuwa wanka a kogi, musamman idan za su ja ƙannensu. Raguwar ruwa a sama ba ta nufin babu rami a ƙasa.

Ga kuma mangwaro ya nuna, ya cika tituna da kasuwanni. Ni ba na cikin masu cewa a hana yara, domin abinci ne mai amfani, ga araha. Maganar da ake yi cewa mangwaro na kawo zazzaɓin cizon sauro ba haka take ba, sauro ne ke kawo shi. Abin da ke ɓata ciki shi ne ɗanyen da ake ci da gishiri da barkono ba iyaka, da wanda aka tsinta a ƙasa ƙuda ya gama bi aka ci ba a wanke ba. Danƙon da ke fita daga wajen da aka tsinke shi kuma shi ne ke sa wa yara ƙuraje a gefen baki, wanki da ruwa yana kawar da shi. Mun hana jifa da hawan bishiyar da ke bayan ajujuwa, bayan da wani dutse ya sauka a kan wanda ba shi aka nufa ba, kuma an ɗora wa maigadi alhakin kaɗo wa yara a raba musu.

Batun da ya fi nauyi shi ne sanƙarau. Arewacin Najeriya yana cikin yankin Afirka da wannan cuta ta saba addaba, kuma lokacinta shi ne daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara, tana ja da baya idan ruwan sama ya sauka. Manya daga cikinmu ba su manta da annobar 1996 ba, haka kuma ta 2017 da ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman inda aka cunkushe a ɗaki marar iska. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi da ke zuwa farat ɗaya, ciwon kai, amai, sandarewar wuya da ƙin haske. A jikin jariri kuwa sai a ga maɗiga ta kumbura, yana kuka ba ƙaƙƙautawa, ya ƙi mama. Cuta ce da ke iya kisa cikin kwana guda, kuma wanda ya tsira a makare yana iya rasa jinsa, saboda haka ba a tsayawa gwajin magani a gida. Allurar rigakafinta tana cikin waɗanda ake yi wa jariri a wata tara, tare da ta ƙyanda da ta shawara, a 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Ita ma ƙyanda wannan ne lokacinta, kuma allurarta biyu ce, ta wata tara da ta wata goma sha biyar. Ta biyun ce iyaye da yawa ke mantawa. A lalubo katin rigakafi a duba, abin da ya rage a je cibiyar lafiya ta unguwa a cike shi, kyauta ne. Yaron da ya tashi da zazzaɓi ko ƙuraje, a bar shi a gida har likita ya gan shi, ba za mu rubuta masa fashi ba.

Ƙurajen zafi dai ba abin tayar da hankali ba ne: wanka, kaya marasa nauyi na auduga, da rage man shafawa mai maiƙo wanda ya yi mana amfani da hunturu. Mun ɗage dokar sa safa har ruwa ya zauna.

Kada wannan jerin gargaɗi ya sa a ɗauka bazara ba ta da alheri ga iyali. Ɗaukewar wuta da ke fitar da mu tsakar gida ita ce kuma ke kashe talabijin, ta haɗa uba da uwa da kaka da jikoki a tabarma guda. Wani yaro ɗan aji biyu ya zo kwanan nan yana ta zumuɗin ba abokansa labarin Gizo da Ƙoƙi, tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus", bai tsallake komai ba, ya ce kakarsa ce ta ba su a daren da babu wuta. Malamarsa ta shaida mini cewa ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka a aji ba. Yaron da ya iya riƙe tatsuniya daga farko zuwa ƙarshe, ya riga ya kama hanyar fahimtar karatu. Muna kira musamman ga iyaye maza, idan an dawo daga sallar isha'i, a ajiye waya na rabin awa, a yi wa yara kacici-kacici, a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a sararin sama kafin hadarin damina ya rufe taurari, a tambaye su abin da suka gani a hanyar makaranta.

Abin gani kuwa yana da yawa. Bishiyoyi sun fara fitar da sabon ganye tun ruwa bai sauka ba, nan gaba kaɗan shamuwa za ta iso, wadda manoma ke ɗauka a matsayin mai bushara da damina, bayan ruwan farko kuma shinge zai cika gindin kowace fitila. 'Yan firamare ɗaya zuwa uku za su shuka wake da masara a gwangwani domin su riƙa auna tsiron suna zanawa, don haka kowa ya zo da gwangwanin madara ko na tumatir da aka wanke aka daddaƙe bakinsa.

Ruwan farko yakan zo da iska mai ƙarfi wadda ke yaye kwano ta karya rassa. Idan hadari ya haɗu dab da lokacin tashi, za mu riƙe yara a aji har ya wuce, ba za mu saki kowa ga mai Keke Napep ko mai babur ana tsakiyar iska ba, kuma muna roƙon a sanar da masu ɗauko su wannan tsari tun yanzu. A gida ma lokaci ya yi da za a duba rufi, a yashe kwata, a kifar da tsofaffin tayoyi da gwangwanayen da za su tara ruwa su zama gidan sauro.

A namu ɓangaren, mun mayar da wasannin motsa jiki zuwa farkon safiya, mun rage tsawon taron safe, mun kuma hana hawa lilo da sauran kayan wasa na ƙarfe daga hantsi, saboda suna ƙona hannu. 'Yan ajin raino za su sami lokacin kwanciya bayan cin abinci, kowa ya zo da ƙaramin zane na shimfiɗa. Aikin gida ma an rage shi, kuma an fi so a yi shi da la'asar tun da sauran haske. Duk mai lura da wani canji a jikin ɗansa ko halinsa, ko wanda yaronsa ke da wata lalura kamar sikila ko asma wadda zafi da ƙura ke tayarwa, ya sanar da malamar aji ko ya zo ofis kowace ranar aiki bayan an tashi. Ranar taron iyaye da malamai za ta zo muku a takarda ta hannun yara.

Allah ya kawo mana damina mai albarka, ya raya mana zuri'a.

Wassalam,
Shugabar Makaranta