A Nemi Takardar Awo Kafin A Karɓi Kayan Da Aka Haska

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan kasuwar Dawanau masu fitar da wake, citta da barkono waje, musamman masu tunanin a haska musu kaya da hasken gama, wato haske mai ratsa kaya da ke fitowa daga sinadarin kobalt-60, irin wanda ke cibiyar Sheda a Abuja. Hasken na kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta, amma ido ba ya ganinsa. Ɗan tambarin da ake liƙa wa kaya, mai juyawa daga rawaya zuwa ja kuwa, iyakarsa ya nuna kaya sun shiga, bai faɗi yawan abin da suka sha ba.

Da girei ake ƙirga yawan hasken da kaya suka sha. Ƙwarin hatsi ba sa buƙatar fiye da girei 1,000, kayan yaji kan kai 10,000, kayan asibiti 25,000.

Tsohon ma'auni shi ne ruwan Firike, wanda ake haskawa tare da kaya a cikin kwalba, tun 1927. Tataccen ruwa ne da ake narka wani sinadari mai ƙarfe, gishiri da asid a ciki. Hasken yakan sauya ƙarfen da ke ciki, na'ura ta karanta yawan sauyin. Daidaitonsa ba magana, sai dai daga girei 400 iskar oksijin ɗin ruwan takan ƙare, lissafi ya sauka ƙasa da gaskiya. Ɓurɓushin sabulu ko maiƙon yatsa a kwalba ma ya isa ya ɓata shi. Wanda ya nuna maka awon Firike kan buhun barkono bai nuna maka komai ba, domin hasken da ake ba barkono ya zarce girei 400 nesa ba kusa ba.

A nan ruwan sinadarin dikuromet ya fi dacewa, wanda ake rufewa a ƙananan kwalabe, yana ɗaukar girei 5,000 zuwa 50,000. Launinsa na ruwan lemo yakan koɗe gwargwadon hasken, a karanta da na'ura. Zafi na taɓa sakamakon, don haka dole a rubuta zafin ɗakin a yi gyara.

A sa kwalba ɗaya a tsakiyar kaya inda haske ke ƙaranci, wata a gefen da ya fi yawa. Kada a yarda da "awa kaza muka saba ba shi", domin ƙarfin kobalt na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk wata. Takardar awon ta nuna lambobin kwalaben biyu, irin ma'aunin da ranar awo.

Wassalam,
Malamin kimiyyar sinadarai, Kano