Madara ba ta wanke tina daga ƙirji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku a kan masu fentin mota da kafintoci. Baƙonku ya ce fenta ya ɗaura takunkumi, in ya gama feshi ya sha madara, mai gabatarwa kuwa ko uffan bai ce ba. Yaran gareji nawa ne za su riƙe wannan magana don sun ji ta a rediyo?

Madara ciki take sauka, tururin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, huhu yake shiga ya zarce jini. A ina suka haɗu? Takunkumin ƙyalle ko na asibiti kuma ba ya tare tururi ko kaɗan.

Wannan ƙamshi mai kama da ayaba da ake ji a tina da fenti da yawa, sinadarin butil asetet ne. Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta iyakance shi a kashi 150 cikin miliyan na iskar wurin aiki, a aikin awa 8. Tarayyar Turai ta tsaya a 50. A shago mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 bisa, in an rufe ƙofa, cokalin cin abinci uku na sinadarin kawai ya bi iska an wuce iyakar Amurka. Ta Turai, cokali ɗaya ya isa. To, ina ga wanda ke feshe lita guda, ya tura ƙofa don kada ƙurar hunturu ta ɓata masa aiki? Ido ya yi yaji, maƙogwaro ya yi kaikayi, sai ciwon kai da jiri da kasala. Hanci kuma yakan saba, mutum ya zaci warin ya tafi alhali yana nan.

Abin da ya kamata a faɗa musu: takunkumin roba mai gwangwanin gawayi, wanda aka yi don tururin sinadarai. Na Turai yana da harafin A da zane ruwan ƙasa. Da an ji wari ta cikinsa, gawayin ya cika, a canza. A ajiye shi a leda a ɗaure, don a buɗe yana ta zuƙar iska yana mutuwa. Tururin ya fi iska nauyi kusan sau huɗu, ƙasa yake kwanciya, saboda haka mafitarsa ta kasance ƙasa-ƙasa. Daga zafin digiri 22 na Salshiyas, da ya haɗu da tartsatsi yana kama wuta, ga mai walda a gefe, ga janareta, ga mai sigari. Wanke hannu da tina kuma a daina, mai yake kwashewa daga fata har ta tsattsage.

Don Allah a maimaita shirin a gyara. Sannan a rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin hira, yana danne muryar baƙo, musamman wanda ya bugo waya.

Wassalam.

Mai sauraronku daga Kano